KOWA YA BAR GIDA... TAMBAYAR WANI BIRKILA DAGA DAWANAU



A makon da ya wuce, bayan sallar isha'i, wani matashi ya tsaya gefe yana jira mutane su ragu. Daga wajen Dawanau yake, birkila ne, bai kai shekara 30 ba. Yana da mata da 'ya'ya biyu, mahaifinsa kuma ya manyanta. Da ya samu wuri sai ya durƙusa ya ce: "Allah gafarta Malam, akwai ɗan kwangilar da na taɓa yi wa aiki a nan Kano. Ya samu babban aiki a Abuja, rukunin gidaje ne a kan hanyar filin jirgi, ya ce in biyo shi. Ni kuma so nake in tare can gaba ɗaya, na gaji da yau da aiki gobe babu. Amma sai na sayar da 'yar gonar da na gada wajen mahaifiyata kafin in samu kuɗin kama ɗaki. Na gaya wa Baba, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ina da laifi idan na tafi?"

Na nemi izininsa in kawo maganar nan ba tare da sunansa ba, don na san akwai irinsa da yawa a cikin masu karanta wannan shafi. Akwai ma masu karantawa yanzu haka daga cikin kangon da suke ginawa, sun jingina da buhun siminti. Amsar halal ko haram a nan gajera ce: tafiya neman halal halal ce, sayar da abin da ka mallaka ma halal ne. Amma yaron nan ya san wannan tun kafin ya zo. Abin da ya hana shi barci shi ne shirun mahaifinsa. To wannan shirun nake so mu tattauna.

Mu fara da yi masa adalci. Wanda bai san karkarar Kano ba zai iya cewa, ai ga gona, me zai hana ya zauna ya yi noma? Ƙasar da ta kewaye birnin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Ungogo, Minjibir, Gezawa da Kumbotso, tana cikin karkarar da ta fi cikar jama'a a Afirka ta Yamma. Tun shekarun 1960 wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi bincike a kanta, yana nuna yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutu ba. Sirrin shi ne taki. Kakanninmu da jakuna suke kai itace birni, su dawo da mangalar taki da shara su zuba a gona. Sai dai gona ba ta haihuwa, mutane ne ke haihuwa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai an raba wa 'ya'yansa, an sake raba wa jikoki. Yau abin da ya zo hannun jika bai fi ya shuka da safe ya gama kafin hantsi ba. Ga tsadar takin zamani, ga kuɗin makaranta, ga asibiti.

Za ka ce to ga kasuwa. Gaskiya ne, kasuwar hatsi ta Dawanau, wadda aka kafa a 1985, ana lissafa ta a matsayin mafi girma a Afirka ta Yamma. Daga nan gero da dawa da masara da wake ke tafiya Nijar da Chadi da Kamaru, riɗi da zoɓo da citta kuma su bi tirela zuwa tashar jirgin ruwa a Legas. Dubban mutane na cin abinci a cikinta: 'yan dako, masu awo, masu ɗinkin buhu, mata masu tsintar zoɓo da gyaran riɗi a sito-sito. Amma kasuwa tana da lokacinta. Da kaka ta cika ta batse, in an shiga bazara sai ta yi sanyi. Sannan shi wannan yaron sana'ar hannu gare shi, shekaru ya yi yana ɗaukar kwanon sarki kafin a ba shi cokali ya ɗora bulo. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 komai ya tashi, a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, masu ƙananan gine-gine da yawa suka dakata. Birkila sai ya yi sati bai taɓa cokali ba. Wanda ya ce wa irin wannan mutum "ka yi haƙuri ka zauna" alhali shi ya ƙoshi, bai yi masa adalci ba.

Kuma tafiya ba baƙon abu ba ce a wurinmu. Fatake sun bi hanyar Gwanja watanni suna tafe don goro, har suka kafa zango a Salaga da Kumasi. Akwai Sabo a Ibadan, akwai Hausawan Agege a Legas. Da Turawa suka buɗe haƙar kuza a Jos mutanenmu sun je, wasu da son ransu, wasu kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu tilas aka yi musu. Uwa uba ga cin rani, wanda kowane gida a karkara ya san shi. Don haka Bahaushe ya ce zomo ba ya kamuwa daga zaune, ya ce mai nema yana tare da samu. Amma shi dai wannan Bahaushen ne ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ka ga karin magana biyu sun yi karo, kuma kowace tana da gaskiya. Sai mu duba a wane hali kowace take aiki.

Abin da na lura da shi shi ne, cin rani na da yana da agogo, agogon kuwa shi ne hadari. Mutum zai gama girbi, ya zuba hatsi a rumbu, ya ɗauki sandarsa da buzunsa ya tafi. Tafiyarsa ma rage wa rumbu baki ɗaya ce. Ya yi ga-ruwa, ya yi dako, ya yi yankan farce ko leburanci. Da ya ga gajimare ya fara haɗuwa a gabas, ba sai an aika masa ba, zai tattaro ya dawo sharar gona. Matarsa ta san lokacin dawowarsa, mahaifinsa ya sani, shi ma ya sani. Kowa yana iya haƙuri da rashi idan ya san ranar ƙarewarsa.

Aikin gini a Abuja bai san wannan agogon ba. Ana zuba kankare da rani, ana zubawa da damina. Wannan aiki na ƙarewa an buɗe wani a Guzape, ko Katampe, ko Lokogoma. Kullum akwai dalilin ƙara wata ɗaya. "Bari a zuba dakin." "Bari a biya mu ragowar kuɗinmu." "Bari in haɗa na Sallah." Da haka wata uku ke zama shekara uku, ba tare da mutum ya taɓa zama ya yanke shawarar barin gida ba. Na san gidajen da yaro ya yi wayo bai san mahaifinsa ba sai a murya cikin waya.

Ya kamata mai shirin tafiya ya san garin da zai je. A ranar 3 ga Fabrairu, 1976 Janar Murtala Muhammad ya sanar da cewa za a gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa, kwana goma kafin a kashe shi. Gwamnati ba ta tare ba sai 12 ga Disamba, 1991, zamanin Janar Babangida. Sunan ma aro aka yi daga tsohon garin Abuja, wanda ya koma Suleja. Wurin kuwa gonakin Gwari ne da sauran ƙabilun yankin, da yawansu aka tashe su. Daga ranar zuwa yau guduma ba ta daina ƙara ba a garin, kuma babu unguwar da babu gumin ɗan Arewa a jikin bangonta. Amma ina maginan suke kwana? Ba a Maitama ko Asokoro ba dai. Mai ɗan hali yana Mararaba ko Nyanya, ko Karmo, Gwagwa, Mpape, Dei-Dei. Marar hali yana cikin kangon da yake ginawa, ko 'yar bukkar kwano a gefensa. Ranar da aka gama fenti aka sa tayil aka ɗaura ƙofa, ranar ce ranar tashinsa. Gidan da ya san adadin bulonsa, gobe mai gadi ba zai bar shi ya leƙa ba. Waɗanda suka ga rusau na shekarun 2003 zuwa 2007 za su ba ka labarin yadda unguwa guda ke zama fili cikin yini ɗaya. Da sassafe kuma ka bi wasu mahaɗar tituna, za ka ga matasa jere da diga da shebur suna jiran motar da za ta tsaya ta ɗebi mutum biyar cikin hamsin. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ban faɗi wannan don in tsorata kowa ba. Akwai waɗanda suka je da kwanon sarki, yau su ne 'yan kwangila, sun gina wa iyayensu gida, sun kai su Makka. Na faɗa ne don lissafi ya cika.

To yanzu ga asalin tambayar. Me mutum yake bin iyalinsa bashi, kuma nawa ne daga cikin bashin za a iya biya daga nesa?

Wani ɓangare ana iya turo shi. Kuɗin cefane, kuɗin makaranta, kuɗin magani: ka shiga wajen mai POS a Lugbe, kafin ka fito an cire a Dawanau. Wannan ni'ima ce da kakanninmu ba su samu ba, su sai sun jira mai zuwa gida su ba shi saƙo a ƙulle cikin tsumma. Amma sauƙin turo kuɗi ya jawo mana wani ruɗu, har muka fara ɗauka cewa duk haƙƙi kuɗi ne. Akwai abin da sai da jiki. Tsoho ya tashi da dare zai zaga, ƙafa ta ƙi, wa zai riƙe shi? Yaro ɗan shekara 12 ya fara bin wasu abokai, wa zai lura da canjin idonsa kafin abin ya yi nisa? Mace matashiya ta kwana wata takwas ita kaɗai a gidan surukai, ga facaloli, ga ƙananan maganganu, da wa za ta yi hira idan dare ya yi? Babu alat ɗin da ke biyan waɗannan.

Sai dai kar mu yi saurin yanke hukunci, don mai tafiya ma yana da hujja mai ƙarfi. Zai ce: Malam, zaman da nake a gida hannu rabbana, shi ma ai wani irin rashi ne. Ina zaune amma yaro ya ce Baba a ba ni kuɗin littafi, in sunkuyar da kai. Tsohon da kake cewa in riƙe shi, maganin hawan jininsa fa, da me zan saya? Wallahi wannan magana gaskiya ce. Magidancin da talauci ya karya yakan zama baƙo a gidansa, ya fita tun asuba don kar a tambaye shi, ya dawo bayan kowa ya yi barci. Gidaje nawa rashi ya kashe alhali miji yana gari? Saboda haka ba zan ce zama ya fi tafiya a kowane hali ba. Wani zaman ma gudun nauyi ne, an dai lulluɓe shi da sunan biyayya ga iyaye.

Tunda kowane ɓangare yana da farashi, abin tambaya shi ne: wa zai biya, kuma an tambaye shi? A nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Mai tafiya yana ganin shi ne ya sadaukar, shi zai sha rana, shi zai kwana a kango. Gaskiya ne. Amma shi ya zaɓa. Matarsa ba ta zaɓa ba, an dai sanar da ita. Ƙaninsa da zai gaji noman gandu da jinyar tsoho bai zaɓa ba. Mahaifin kuma ya yi shiru, don dattijon Bahaushe ba ya son a ce shi ya tare wa ɗansa arziki. Shiru irin wannan ba lallai ya zama yarda ba. Sau da yawa kunya ce, ko kuma tsoron kar ya hana, abu ya ƙi, a riƙa kallonsa da shi har ya mutu. Idan ka ɗauki kunyar mutum ka mai da ita izini, ka ci da zuci, ko da baki bai furta komai ba.

Addininmu bai bar wannan wuri a buɗe ba. Sananne ne cewa wani mutum ya zo neman izinin fita jihadi, Manzon Allah (SAW) ya tambaye shi game da iyayensa, sannan ya mai da shi gare su. In har wannan fitar za ta jira haƙƙin iyaye, ina ga fita zuba kankare? An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA), bayan ya binciki iya tsawon lokacin da mace za ta iya jure rashin mijinta, ya sa wa mayaƙa wa'adin komawa gida, wasu riwayoyi suka ce wata huɗu, wasu wata shida. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, mace tana da damar kai ƙara gaban alƙali idan rashin miji ya yi tsawo har ya cutar da ita, ko da kuwa yana aiko da abinci. Ka ga malamai tun tuni sun raba tsakanin abin da ake aikowa da abin da sai an zo. Ko Annabi Musa (AS), da ya yi aikin ƙodago a ƙasar da ba tasa ba, a Madyana, da wa'adi aka ƙulla: shekara takwas, in ya cika goma ganin damarsa ne. Da wa'adi ya cika ya kama hanya, kuma da iyalinsa ya tafi. Tunda hadari ya daina kiranmu gida, dole mutum ya ƙirƙiri nasa agogon, ya faɗe shi a gaban shaidu.

Yanzu maganar gona, wadda a ganina ita ce ta fi komai nauyi a tambayar yaron nan.

Abin mamaki, birnin da yake shirin bi har Abuja, irinsa yana tahowa ƙofar gidansu. Duk mai bin titin Katsina ya ga yadda Kano ta miƙe ta wuce Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa, ta haɗe da Dawanau. Inda ake dawa jiya, yau sito ne ko gidan mai. Dillalai na yawo ƙauye-ƙauye, a sayi gona a yi mata awon igiya, a yanka fuloti-fuloti. Abin da ya faru da gonakin Gwari yana faruwa da namu, sai dai mu ba tashinmu aka yi ba, da hannunmu muke karɓar kuɗi. Kuɗin kuma in an ƙirga su a tabarma suna da yawa a ido. Amma wanda ya sayar ya biya hayar shekara a Mararaba ya sayi katifa da 'yar tukunyar gas, bayan wata 12 me ya rage? Haya ta ƙare, gona kuma ta tafi har abada, kuma da wuya ya iya sayen ko rabinta in ya dawo.

Wani zai ce, Malam, ai kai ka ce gonar ba ta ciyar da shi. Haka ne. Amma gona tana yin wani aiki ban da ciyarwa: ita ce ke ba talaka ikon cewa a'a. Bari in yi bayani, don a nan ne maganar ta koma ta amana.

Sana'ar gini sana'a ce da ake binne gaskiyarta. Tela in ya yi ha'inci za a gani a jikin riga. Magini kuwa, da an yi filasta an shafa fenti, babu mai sanin rodi nawa ke cikin ginshiƙi, ko bulo nawa aka buga da buhu ɗaya, ko kwana nawa aka bar dakin ya sha ruwa kafin a cire katako. Daga shi sai Allah, sai ranar da ginin ya gaji. Ba mu manta da bene mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba, 2021 ba, inda sama da mutum 40 suka rasu, akasarinsu ma'aikata. A nan Kano ma, a watan Agusta na 2022, bene da ake kan ginawa ya rufta a titin Beirut. Idan gini ya faɗi, lebura ne ke ƙasa. To wata rana heluma ko ɗan kwangila zai ce maka, rage siminti, ƙara yashi, tsallake rodi ɗaya. Ko abokan aiki su ce, buhu biyu za mu fitar ta baya, ga rabonka. A wannan lokacin, wanda yake da wurin komawa zai iya ajiye cokali ya ce ban iya ba, ya hau mota a Zuba ya dawo ya ci tuwon dawarsa. Wanda ya sayar da komai, ga haya na jiransa, ga kunyar komawa hannu biyu, shi kam sai Allah Ya tsare. Ba na cewa duk marar gona maha'inci ne, Allah Ya kiyaye. Ina cewa kar mutum ya kai kansa inda gaskiya za ta yi masa tsadar da ba zai iya biya ba.

Mu kuwa muna da gadon gini da ya kamata mu ji kunyarsa. Ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, a ƙarni na 12. Gidan Rumfa yana nan tun ƙarni na 15. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, da tubali da azara, har yau masana gine-gine daga ƙasashen waje suna zuwa kallon bakan gizonsa. Waɗannan ba su da injin kwaɓa kankare. Suna da sarkin magina da ke hukunta mai algus, kuma suna gini a garin da za a binne su, inda kowa ya san ɗan wane ne ya yi wannan bango. Baƙunta tana cire wa mutum wannan idon. A Abuja babu wanda ya san kakanka. Abin da zai maye gurbin idon gari sai dai tsoron Allah, don haka mai tafiya ya auna nasa kafin ya auna kuɗin mota.

Ina da magana da masu ba da aiki, don da yawansu namu ne, wasu ma suna karanta wannan. Alhaji, yaron da ka ɗebo daga ƙauye ka kai shi nisan sama da kilomita 400, amana ne a hannunka. Ka yi jinga da shi a fili tun kafin ya hau mota: nawa ne yini, yaushe ake biya, ina zai kwana, wa zai ɗauki magani in ya faɗo daga kan sikafol. Muguwar al'adar nan ta riƙe wani kaso na kuɗin ma'aikaci don kar ya gudu, sannan aiki ya ƙare a kashe waya, zalunci ne tsagwaronsa. Hadisi ingantacce ya zo da gargaɗi mai tsanani a kan wanda ya sa ma'aikaci aiki, ya karɓi aikin cif, sannan ya hana shi ladansa. Kana iya zuwa Umara da kuɗin, amma mai shi yana nan yana jiranka a inda babu lauya.

Mu na gida ma muna da namu laifin. Mu ne muke auna ɗan cin rani da abin da ya sauke daga mota ranar jajiberin Sallah. Wane ya zo da babur, kai me ka zo da shi? Wannan tambayar ta hana mutane da yawa dawowa. Akwai wanda ba kuɗi ne ya riƙe shi a Abuja ba, rashinsu ne. Yana jin kunyar ya shigo gari da jaka ɗaya, sai ya ƙara shekara, sai ya daina ɗaga waya, sai labarinsa ya ɓace. Iyaye, ku gaya wa 'ya'yanku tun kafin su tafi cewa ƙofa a buɗe take ko sun samo ko ba su samo ba. Wannan kalma ɗaya tana iya tsare yaro daga sata, tana iya dawo da shi da rai.

To me na ce wa birkilan? Na ce masa ban ga laifi a tafiyarka ba, amma ina ganin gyara a yadda ka shirya ta. Kar ka sayar da gonar. Ka ba ƙaninka ya noma, ko ka ba da ita aro, ka je ka fara kwana inda sauran ma'aikata ke kwana, ka ga kamun ludayin aikin da na mai aikin tukuna. Ka sa wa kanka wa'adi, ka faɗe shi a gaban mahaifinka da matarka da wani babba da kake jin nauyinsa: kada ka wuce wata huɗu ba ka zo ba, kuma in shekara ta zagayo a zauna a yi lissafi. In aiki ya kankama har kana iya riƙe iyali a can cikin mutunci, ka ɗauke su, a kuma san wanda zai tsaya wa Baba da yardarsa, kai kuma ka san me za ka riƙa yi wa shi mai tsayawar. In bai kankama ba, ka dawo ba kunya. Matarka kuma shawara za ka yi da ita, ka ba ta dama ta faɗi abin da ke ranta ba tare da ta ji tsoron za a ce ta hana ka nema ba.

Game da Baba, na ce kar ka sake tambayarsa a zaure gaban mutane. Ka same shi shi kaɗai bayan asuba, ka ce masa: "Baba, in na tafi me zai fi damunka?" Ka yi shiru ka jira, ko zai ɗauki lokaci.

Shekaranjiya ya kira ni. Ya ce ya yi yadda na ce. Tsohon ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce shi ba ya tsoron yunwa, Allah bai taɓa hana shi abin da zai ci ba. Abin da yake tsoro shi ne a wanke shi a kai shi, ɗansa na fari yana kan hanya tsakanin Kaduna da Zariya. Yaron ya ce da ya ji haka sai ya kasa cewa komai. Daga baya dai mahaifin ya sa masa albarka ya ce ya je, amma ya bar gonar uwarsa.

Zai tafi bayan an gama girbi. Ban sani ba ko tsoron tsohon zai tabbata, wannan yana hannun Allah, kuma babu wa'adin wata huɗu da zai iya ba da tabbaci a kansa. Abin da na sani shi ne yanzu yaron ya san nauyin abin da aka ba shi, mahaifin kuma ya bayar da bakinsa.

'Yan uwa da ke can, a Abuja ko Legas ko Fatakwal ko ma ƙetare, yaushe rabonka da gida? Wa ke biyan kuɗin zamanka a can da jikinsa, kuma yaushe rabon da ka tambaye shi yadda yake ji? In ka karanta wannan, ka daure ka kira yau, kuma in an ɗaga kar ka fara da maganar kuɗi.

Allah Ya ba masu nema halal mai albarka, Ya tsare maginanmu daga faɗuwa da ha'inci, Ya mai da kowane matafiyi gida lafiya ya tarar da nasa lafiya. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, waɗanda ke raye Ya ba mu ikon kyautata musu.

Wallahu a'alam.